Naitiret a Ruwan Famfo: Abin da Mai Kiwon Kifin Ado Ya Kamata Ya Fahimta Kafin Ya Kashe Kuɗi

A watan Yunin 2025, hukumar da ke raba ruwan sha a tsakiyar jihar Iowa ta Amurka ta hana mazauna birnin Des Moines da kewayensa yi wa ciyawar ƙofar gidajensu ban ruwa. Ba fari aka yi ba, kogunan cike suke. Sinadarin naitiret ne ya yi yawa a kogunan Raccoon da Des Moines, inda ake ɗebo ruwan garin, har injinan cire shi suka kasa wadatar da jama'a sai an rage amfani da ruwa. Hukumar ta yi ta nanata cewa abin da ke fitowa a famfo bai haura iyakar doka ba, kowa na iya sha.

Ga wanda ke ajiye kifin ado a tankin gilashi, wannan tabbacin bai kashe magana ba. Shawarar farko da ake ba duk wanda ya sayi tanki ita ce ya riƙa kwashe wani kaso na ruwan duk mako yana zuba sabo, domin a rage naitiret ɗin da ke taruwa. Shawarar ta ginu ne a kan zaton cewa sabon ruwan ba ya ɗauke da shi. To, idan famfon ne da kansa ke kawo shi fa? Mutum ya sauya ruwa yau, gobe ya auna, ya ga launin kwalbar awo bai gusa daga inda yake ba. Daga nan ruɗani ke farawa. Wani ya ce masa kifin mutuwa zai yi, wani ya ce babu komai, mai shago kuma ya nuna masa na'urar da ta fi tankin tsada.

## Daga abincin kifi zuwa naitiret

Kifi yana cin abinci mai furotin, jikinsa ya fitar da ragowar a matsayin ammoniya, mafi yawanta ta gaɓoɓin numfashi da ke gefen kansa. Abincin da ya nutse ba a ci ba, da ganyen da ya ruɓe, da kifin da ya mutu a bayan dutse ba a lura ba, duk ammoniya suke komawa. Ita kuwa guba ce mai saurin kisa. Abin da ke ceton kifin shi ne ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikin soso da tsakuwar matatar tanki. Wani rukuni nasu yana mai da ammoniya ta zama naitirait, wanda ake rubutawa NO2, shi ma guba ne. Wani rukunin ya karɓa ya mai da shi naitiret, wato NO3. Sunayen biyu sun yi kama ƙwarai, amma haɗarinsu ba ɗaya ba ne: ɗan kaɗan na naitirait kan jikkata kifi cikin kwanaki, shi kuwa naitiret sai ya taru da yawa, kuma sannu a hankali yake aikinsa. Tun wajen 1890 masanin ƙananan halittu Sergei Winogradsky ya bayyana aikin waɗannan ƙwayoyi, kuma a kansa duk wata matatar tanki ta dogara har yau.

A kogi ko tafki tafiyar ba ta tsayawa a nan. Tsirrai suna shanye naitiret, ruwa yana wucewa da shi, wasu ƙwayoyin da ke cikin laka inda babu iskar oksijin suna mai da shi iskar naitirojin ta tashi sama. A tankin gilashi mai famfon iska da matata, nan ne ƙarshen hanya. Ba ya ƙafewa tare da ruwa, ba ya kwanciya a ƙasa, sai dai ya yi ta ƙaruwa.

Ana iya ƙiyasta yawansa. Kusan kashi 16 cikin 100 na furotin naitirojin ne. Giram ɗaya na abincin kifi mai furotin kashi 40 yana ɗauke da naitirojin miligiram 64, wanda in duk ya rikiɗe zai ba da naitiret kusan miligiram 280. A tanki mai lita 100 wannan ya kusa miligiram 3 a kowace lita, daga giram ɗaya kacal. Kifin zai riƙe wani abu a jikinsa don girma, saboda haka abin da zai taru bai kai haka ba. Amma lissafin ya nuna cewa hannun mai ba da abinci na cikin manyan hanyoyin da sinadarin ke shiga tanki.

## Lamba biyu, abu ɗaya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar naitiret a ruwan sha miligiram 50 a kowace lita. Tarayyar Turai da Birtaniya a kan 50 suke, haka ma ƙa'idar ingancin ruwan sha ta Najeriya da aka fitar a 2007. Hukumar kare muhalli ta Amurka kuwa 10 ta rubuta. Wanda ya ga lambobin zai ɗauka dokar Amurka ta ninka ta sauran duniya tsanani har sau biyar. Ba haka ba ne. Amurka tana auna naitirojin ɗin da ke cikin naitiret ne kaɗai, sauran kuma suna auna sinadarin gaba ɗayansa. Idan aka ninka lambar Amurka da 4.43 sai a sami kusan 44, wato ita da 50 ɗan juma ne da ɗan jummai.

Wannan bambanci yana jefa masu tanki cikin kuskure sosai. Rahoton kamfanin ruwa ya ce 8, kwalbar awon gida ta ce 35, mutum ya zargi ɗaya daga cikinsu da ƙarya alhali abu guda suke faɗa. Yawancin kayan awo na masu kifin ado cikakken naitiret suke nunawa, amma takardun binciken kimiyya da yawa da lambar naitirojin suke aiki. Duk lambar da za ta biyo baya a wannan sharhi ta cikakken naitiret ce, a miligiram cikin lita.

Kayan awon ma suna da nasu sharaɗi. Irin na ɗigo, kamar na kamfanin API, yana buƙatar a girgiza kwalba ta biyu da ƙarfi na daƙiƙa 30, a girgiza haɗin na minti ɗaya, a jira minti biyar. Garin da ke cikin kwalbar kwanciya yake yi a ƙasa, in ba a girgiza ba sai awon ya nuna ƙasa da gaskiya. Launin 40 da na 80 kuma dukansu ja ne, ido ba ya rarrabe su da sauƙi. Dabarar ita ce a gauraya ruwan da za a auna rabi da rabi da ruwan da aka tabbatar ba shi da naitiret, a auna, sannan a ninka sakamakon biyu. Idan akwai naitirait a ruwan, awon naitiret zai nuna sama da abin da ke akwai.

## Yadda yake shiga famfo

Ruwa ba ya tsami banza. Tun da aka fara haɗa ammoniya daga iska a masana'anta, bayan aikin Fritz Haber da Carl Bosch da ya kai ga buɗe masana'antar Oppau a Jamus a 1913, takin zamani ya wadata a duniya, amfanin gona ya ninka. Sai dai shuka ba ta shanye duk abin da aka zuba mata. Naitiret yana narkewa a ruwa nan take, ƙasa kuma ba ta riƙe shi, saboda haka ruwan sama yana wanke ragowar zuwa kogi ko ya gangara da ita ƙarƙashin ƙasa. Kashin dabbobi daga manyan gidajen gona da ruwan masai su ne sauran manyan hanyoyin.

A Iowa, gonakin masara da waken suya ne, waɗanda aka shimfiɗa wa bututun tsane ruwa a ƙarƙashinsu, ke kai shi koguna. Hukumar ruwan Des Moines ta gina wurin cire naitiret tun farkon shekarun 1990. A 2015 ta kai ƙarar wasu ƙananan hukumomi uku na yankin noma kotu a kan batun, kotu ta kori ƙarar a 2017.

A kudu da gabashin Ingila labarin ya fi jan lokaci. Ruwan sha da yawa a can daga ƙarƙashin dutsen alli ake haƙo shi, kuma naitiret yana ratsa wannan dutse a hankali, kimanin mita ɗaya a shekara. Takin da aka zuba shekaru da dama da suka wuce sai yanzu yake isa rijiyoyin. Tarayyar Turai ta kafa dokar taƙaita naitiret daga gonaki a 1991, kuma fiye da rabin ƙasar Ingila na cikin yankunan da aka sa wa manoma ƙa'idar zuba taki, amma abin da ya riga ya shiga dutse yana kan hanya. Kamfanonin ruwa kan gauraya ruwan rijiya mai naitiret da wanda ba shi da yawa don su tsaya ƙasa da 50. Shi ya sa mai tanki a irin waɗannan yankuna zai iya auna famfonsa ya ga 30 ko 40, kuma ba wanda ya karya doka.

A garuruwan ƙasar Hausa abin da ake kira ruwan famfo a gidaje da yawa ba na hukuma ba ne. Rijiyar burtsatse ce a tsakar gida, ko ruwan 'yan garuwa da aka juye a tanki. Ba wanda ke gauraya shi, ba wanda ke fitar da rahoton awonsa. Inda gidaje suka cunkushe, rijiya tana kusa da masai ko sokawe, ko kuma unguwar tana gefen fadamar da ake noman rani da takin yuriya, hanyar shigar naitiret a buɗe take. Rijiya marar zurfi ta fi fuskantar wannan. Maƙwabta biyu na iya samun sakamako daban, kuma na damina na iya bambanta da na rani.

## Lissafin da ke bayyana matsalar

A ɗauki tanki wanda kifinsa ke ƙara naitiret 10 duk mako, mai shi kuma yana sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako. Idan sabon ruwan ba shi da naitiret, tankin zai yi ta hawa har ya daidaita a 40 kafin kowace sauyawa. Idan famfon yana da 40, daidaiton zai koma 80. Mai tankin ya ƙara himma ya riƙa sauya rabi, tankin da ake zuba wa ruwa marar naitiret zai sauko 20, wanda ake zuba wa na famfon zai tsaya a 60. Ko kullum zai sauya ruwan gaba ɗaya, ba zai taɓa sauka ƙasa da 40 ba, domin famfon ne ya shata masa iyaka.

Abu biyu ke fitowa daga wannan lissafi. Na farko, sauya ruwa yana da amfani ko da famfon na da naitiret, muddin na tankin ya fi na famfon yawa. Saukowa daga 80 zuwa 60 ba ƙaramin abu ba ne, kuma sauyawar tana fitar da wasu ƙazantar da kwalbar awo ba ta gani, tana dawo da ma'adinan da suka ƙare. Wanda ya daina sauya ruwa don ya gano famfonsa na da naitiret ya gudu ne bai tsira ba. Na biyu, tazarar da ke tsakanin lambar famfo da ta tanki ita ce abin da kifi da abinci suka ƙara, kuma wannan ɓangaren yana hannun mai tanki: rage yawan kifi, rage abinci, zuƙe dattin da ke cikin tsakuwa, wanke soson matata a cikin tsohon ruwan tanki.

Akwai kuma abin da ya fi shafar ƙasashe masu zafi. Ruwa yana ƙafewa ya bar naitiret a baya. Tanki mai lita 100 da ke rasa lita biyar a mako lokacin bazara, ana cika shi da ruwa mai 40, yana samun ƙarin 2 duk mako ba tare da kifin ya ci komai ba. Ciko ba sauyawa ba ne. Idan mutum yana da ɗan ruwa mai tsafta kaɗan, a ciko ya fi dacewa ya yi amfani da shi.

## Nawa ne ya yi yawa?

A nan ne masu harkar suka rabu, kuma kowane ɓangare yana da abin kamawa.

Masu tsanantawa suna cewa a tsaya ƙasa da 20, in da hali ƙasa da 10. Hujjarsu ita ce kogunan da kifayen suka fito ba su da naitiret sai kaɗan, kuma illarsa ba ta bayyana da wuri: girma ya ragu, ƙwai su ƙi ƙyanƙyashewa, kifi ya riƙa kamuwa da cuta cikin sauƙi. Suna kafa hujja da nazarin da Julio Camargo da abokan aikinsa suka wallafa a 2005, wanda ya tattara binciken da aka yi kan dabbobin ruwa, ya nuna cewa matakin da Amurka ta amince da shi a ruwan sha, kusan 44, na iya cutar da wasu ƙananan halittun ruwa, da 'ya'yan kwaɗi, da wasu kifaye idan suka daɗe a cikinsa. Marubutan sun ba da shawarar kusan 9 don kare nau'o'in da suka fi rauni.

Masu sassautawa suna amsawa da cewa kifayen da suka fi nuna rauni a irin waɗannan bincike dangin salmon ne na ruwan sanyi, musamman ƙwansu da 'ya'yansu, ba irin kifin da ake sayarwa a shagon ado ba. Gwaje-gwajen kisa kai tsaye a kan manyan kifaye na ruwan ɗumi sukan buƙaci ɗaruruwan miligiram kafin a ga mutuwa. Suna ƙarawa da cewa masu tankin tsirrai da gangan suke zuba naitiret a matsayin taki, kifinsu kuma yana hayayyafa, sannan dubban mutane a Ingila sun yi shekara da shekaru suna kiwon kifi a ruwa mai 30 ko 40. A ganinsu, yawan naitiret a tanki alama ce ta ƙazanta da sakaci, kuma sau da yawa ƙazantar ce ke kashe kifin, a ɗora wa naitiret laifi don shi ne ake iya aunawa.

Wannan batu na ƙarshe yana da nauyi, kuma ya shafi mai ruwan famfo kai tsaye. Tankin da ya kai 40 saboda an yi wata biyu ba a taɓa shi ba, da tankin da ke 40 saboda sabon ruwan da aka zuba jiya haka yake, ba halinsu ɗaya ba. Na farko yana tattare da ruɓaɓɓen datti, ma'adinansa sun ƙare, ruwansa ya fara tsami, domin aikin bakteriyar kansa yana cinye sinadaran da ke hana ruwa yin tsami. Na biyu ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Amma hujjar masu sassautawa tana da iyaka. Rashin mutuwa ba shi ne lafiya ba, kuma yawancin kifayen ado ba a yi musu gwajin dogon lokaci ɗaya bayan ɗaya ba, saboda haka abin da ya tabbata ga wani nau'i ba ya zama hukunci ga kowa.

Inda ɓangarorin suka haɗu ya fi inda suka rabu faɗi. Ammoniya da naitirait dole su zama sifili. Ƙwai da 'ya'yan kifi da jatan lande na ado sun fi manyan kifi rauni. Masu kiwon murjani, halittar teku mai kama da dutse, a tankin ruwan gishiri ba sa amfani da ruwan famfo kai tsaye. Sauyi na bagatatan kuma ya fi lamba mai ɗan yawa haɗari: kifin da ya saba da tsohon ruwa, aka juye masa sabo gaba ɗaya rana guda, zai iya mutuwa saboda bambancin tsami da ma'adinai, ko da sabon ruwan ya fi tsafta.

## Abin da ba ya cire shi, da abin da ke cirewa

Tafasa ruwa ba ta cire naitiret, ƙara masa ƙarfi take yi, tunda ruwan ne ke tashi ya bar shi. Ajiye ruwa ya kwana a bokiti yana fitar da kilorin, ba ya taɓa naitiret. Alif yana kwantar da laka kawai. Matatar gawayi tana ɗauke wari da ɗanɗano da kilorin, naitiret ya wuce abinsa. Maganin da ake ɗigawa don kashe kilorin ya zama dole ga mai ruwan hukuma, wasu kamfanonin ma suna rubuta cewa nasu yana rage dafin naitiret, amma sinadarin yana nan a ruwan, awo zai nuna shi.

Na'urar da 'yan kasuwa ke kira RO tana tura ruwa da matsi ta cikin wata siririyar fata, ta tare mafi yawan abin da ya narke a cikinsa, har da kaso mafi girma na naitiret. Ita ce hanya mafi tabbas. Tsadarta ba a kuɗin saye kaɗai take ba. Ƙananan na'urorin gida sukan zubar da lita uku ko huɗu kafin su ba da lita ɗaya, suna buƙatar matsin ruwa mai kyau ko famfon lantarki, kuma ana sauya matatunsu lokaci zuwa lokaci. A gidan da jarka-jarka ake sayen ruwa wannan ba ƙaramin lissafi ba ne, ko da yake ruwan da ta zubar yana yin wanki da ban ruwan shuka. Ruwan RO zalla kuma bai dace da kifi ba, don an cire masa kalsiyam da sauran ma'adinan da ke daidaita shi. Ko dai a zuba masa garin ma'adinai da ake sayarwa, ko a gauraya shi da na famfo. Gaurayawar ta fi sauƙi: rabi da rabi da famfo mai 40 zai ba da kusan 20, ma'adinan ma su ragu rabi. Sharaɗin shi ne a riƙe ma'auni ɗaya kowane mako.

Hanya ta biyu ita ce ƙwayoyin rezin, masu kama da ƙananan duwatsun ado, waɗanda ke kama naitiret su saki kiloraid, wani ɓangare na gishirin abinci, a madadinsa. Irin wannan fasaha ce hukumar ruwan Des Moines ke amfani da ita a babban mataki. Ba sa zubar da ruwa kamar RO, ba sa cire kalsiyam, kuma idan suka cika ana farfaɗo da su da ruwan gishiri. Sai dai a nemi wanda aka yi musamman don naitiret, domin rezin na gama-gari ya fi son kama wani sinadarin ruwa mai suna salfet, idan ya cika yana iya sako naitiret ɗin da ya tara a lokaci guda. Ya fi kyau a tace ruwan da shi kafin ya shiga tanki, a riƙa auna abin da ke fitowa.

Ruwan sama kyauta ne kuma naitiret ɗinsa kaɗan ne, amma kamar na RO yake, ba shi da ma'adinai, sai an gauraya. Ruwan farkon damina da na mintunan farko na kowane ruwa yana ɗauke da ƙura da kashin tsuntsaye daga rufi, a bar shi ya wuce. Rufin kwano na iya sakin ƙarfen zinki, wanda jatan lande ba ya jurewa. A yankin da damina wata huɗu ce ko biyar, sai mai manyan durom masu murfi ne zai dogara da shi. Ruwan leda kuwa, wasu masana'antun da RO suke tacewa, wasu ba haka ba, awo ne kaɗai zai bambance.

Akwai kuma matatun da ake rufewa don bakteriyar da ba ta son oksijin ta mai da naitiret iska. Suna aiki idan an daidaita su, amma in aka kuskure sukan fitar da naitirait ko iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda guba ce. Ba hanyar sabon shiga ba ce.

## Kainuwa

Abin da ke guba ga kifi taki ne ga shuka, kuma tsirran da ganyensu ke sama da ruwa sun fi kowa saurin shan sa, saboda suna samun iska da haske kai tsaye. Kainuwa, dashen Allah, tana cikin waɗanda masu tanki a wasu ƙasashen waje ke saye da kuɗi don wannan aiki. Yaɗon dankalin Hausa ma yana yi: a sa saiwarsa a ruwa, ganyen a waje. Haka furen ado mai yaɗo da ake kira fotos.

Abin da ake yawan mantawa shi ne shukar ba ta ɓatar da naitiret, a jikinta take ajiye shi. Sai an kwashe wadda ta yi yawa an fitar sannan ya bar tankin. Idan aka bar ta ta ruɓe a ciki, an koma gidan jiya. Tana kuma buƙatar haske sosai, kuma tsirran ruwa sun fi son ammoniya, ita suke fara sha. Wannan ma riba ce, domin ammoniyar da shuka ta sha ba za ta zama naitiret ba. Tanki mai tsirrai da yawa da kifi kaɗan na iya sauka ƙasa da lambar famfonsa a tsakanin sauyawa biyu, abin da sauya ruwa kaɗai ba zai taɓa yi ba.

Wasu suna kai dabarar waje: a cika duro da ruwan famfo, a zuba kainuwa, a ajiye inda rana ke samu na mako ɗaya ko biyu, a auna, sannan a yi amfani da shi. A rufe da raga saboda sauro. Kainuwar da aka ɗebo daga kududdufi tana iya zuwa da matsattsaku da dodon koɗi da ƙwan ƙwari, kuma a ruwan da ake kamuwa da tsargiya dodon koɗi ne ke ɗauke da ita. A wanke ta, a ajiye ta a wani bokiti daban na makonni kafin ta shiga tanki. Kifin gwal yana cin saiwarta, sai an yi mata shinge.

## Wa ya kamata ya kashe kuɗi

Mai kifin gwal, ko ƙananan kifayen ado irin su gofi da moli da filati, wanda famfonsa ke tsakanin 20 da 40, a mafi yawan lokuta ba ya buƙatar na'ura. Tanki mai faɗi, kifi kaɗan, abinci daidai abin da za su cinye cikin minti biyu, tsirrai masu saurin girma, da sauya ruwa a kai a kai sun ishe shi. Abin da zai fi gani shi ne gansakuka a jikin gilashi, musamman in rana na dukan tankin. Mai son kiwon kifin diskas, ko jatan lande, ko ƙyanƙyasar ƙwai don sayarwa, ko murjani, shi ne RO ko rezin ya zama masa jari, kuma gara ya sa kuɗinsu a lissafi kafin ya sayi kifin. Mai kifayen tafkin Malawi da Tanganyika yana tsaka mai wuya, domin suna son ruwa mai ma'adinai da yawa amma marar naitiret. Rezin ya fi dacewa da shi, ko RO da garin ma'adinai.

Ga kowa, matakin farko ɗaya ne kuma shi ne mafi arha: a auna ruwan famfon shi kaɗai, a auna na tankin, a rubuta, a maimaita a tsakiyar damina da kuma a rani.

## Idan awon ya haura 50

Iyakar 50 ba don kifi aka sa ta ba. A 1945 wani likita a Iowa, Hunter Comly, ya ba da rahoton jarirai da jikinsu ya yi shuɗi bayan an haɗa musu madara da ruwan rijiya mai naitiret da yawa. A cikin jariri naitiret yana komawa naitirait, ya shiga jini ya hana shi ɗaukar oksijin yadda ya kamata. Jariran da ba su kai wata shida ba, waɗanda ake ba madarar gwangwani, su ne suka fi shiga haɗari, kuma don kare su aka tsayar da wannan lamba.

Saboda haka idan kwalbar awon tanki ta nuna ruwan rijiyar gida ya kai 50 ko ya wuce, maganar ta tashi daga kan kifi. Kayan awon gida ba su kai na ɗakin gwaji daidaito ba, don haka sai a kai samfurin ruwan ɗakin gwaji na hukumar ruwa ko na jami'a a tabbatar, a nemi a duba har da ƙwayoyin cuta, tunda inda ruwan masai ya kai naitiret yana iya kai su. Kafin sakamako ya fito, a haɗa wa jariri madara da wani ruwan daban, kuma kada a dogara da tafasa na rijiyar.